Ango ɗan Anguwan Rogo, ka ajiye rezar nan tukuna

Wani matashi ne ya rubuto daga Jos, ga abin da ya ce:

"Assalamu alaikum Kawu. Shekarata 29, ina zaune a Anguwan Rogo, ina sayar da kayan waya a Taminus. Sanƙo ya fara cin gaban kaina tun ina ɗan shekara 24, yanzu ya kusa haɗewa da tsakar kai. Na gaji da saisaye, kullum mai aski yana ja min layi a inda babu gashi. Ranar Asabar da ta wuce na sayi reza, na shiga bayi na kwashe shi tas da kaina. Na yanke wuri huɗu. Bayan kwana biyu ƙeyata ta feso da ƙuraje masu ƙaiƙayi, hula ma da ƙyar nake sawa. Ga shi saura mako shida ɗaurin aurena. So nake kaina ya yi santsi yana sheƙi kamar na waɗanda nake gani. Yaya zan yi? Kuma da gaske ne in na yawaita aski gashin zai dawo da ƙarfinsa?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya sanya alheri, ya kai mu ranar lafiya, ya ba ku zaman lafiya da zuriya ɗayyiba.

Kafin komai, ka ajiye rezar nan. Kwana goma sha huɗu cif kada wani ƙarfe ya taɓa kanka, ko reza, ko aska, ko kilifa. Na san zuciyarka za ta ce maka lokaci yana ƙurewa, amma mako shida ya ishe mu, in dai ba ka ɓata biyun farko wajen kankare fatar da take neman hutu ba.

Shawarar da ka yanke ta yin ƙwaryar molo shawara ce mai kyau, ban ga abin kunya a cikinta ba. Sanƙo irin naka, wanda yake farawa daga gaban goshi ya je ya tarar da tsakar kai, gado ne, yana tafiya da wani sinadarin maza da ke jiki wanda yake sa saiwar gashi ta riƙa sirancewa har ta daina fitar da gashin kirki. Ba hula ce ta jawo maka ba, ba kuma yawan tunani ba. Amsar tambayarka ta ƙarshe ke nan ma: aski ba ya dawo da gashin da ya tafi, ba ya kuma ƙara masa kauri. Reza a saman fata take aiki, saiwa kuwa tana can ƙasa inda reza ba ta kaiwa. Abin da yake ruɗin mutane shi ne gashin da aka yanke bakinsa a datse yake fitowa, sai hannu ya ji shi da kaushi, a ce ya ƙara ƙarfi. Akwai magunguna irin su minoxidil da finasteride da likitoci suke bayarwa don rage zubar gashi, amma suna ɗaukar watanni kafin a ga wani abu, kuma in an daina, zubar takan ci gaba. Wannan maganar likita ce, ta wata ranar.

Yanzu mu zo kan ƙurajen, don a nan ne matsalarka take. Gashinmu na baƙar fata murɗaɗɗe ne, tun daga cikin fata yake fitowa a lanƙwashe. In ka danna reza, ka bi ta kishiyar yadda gashin yake kwance, ka ja fatar don ka samu santsi, to ka yanke gashin ƙasa da bakin fata, kuma ka bar masa baki mai tsini kamar allura. Bayan kwana ɗaya ko biyu ya fara tsiro, maimakon ya fito waje sai ya lanƙwashe ya soki fatar daga ciki, ko ya fito ya juyo ya sake shiga. Jiki kuwa ɗaukarsa yake tamkar ƙaya ta shige shi: wurin ya kumbura, ya yi ƙaiƙayi, wani lokacin ya tara ruwa. Ka ga ke nan, santsin nan da ka je nema ranar Asabar shi ne ya haifi ƙurajen ranar Litinin. Duk wanda ka gani kansa yana sheƙi babu tabo, ka tambaye shi, zai gaya maka ba a askin farko ya kai haka ba. Fata sabawa take yi, hannu ma sabawa yake yi.

Wurin da ya fi tayar min da hankali a wasiƙarka shi ne ƙeya. Ƙeya ba ta yafiya kamar sauran kai. Akwai wani maƙwabcina a da, magidanci mai tsafta, kullum cikin farar shadda. Ƙurajen aski suka fito masa a ƙeya, ƙanana kamar ƙwayar gero. Bai daina aski a kansu ba, duk Juma'a sai an bi su da reza, suna jini ana gogewa. Wani ya ce masa ya shafa man birki, ya shafa. A hankali ƙurajen suka yi tauri, suka haɗe suka zama tudu guda mai faɗin yatsu biyu, gashi ya daina fitowa a wurin. Na ga ranar da ya cire hula a gabana yana nuna min, wuyan rigarsa ya ɓaci da ruwan da yake fita. Shekaru ya yi yana zuwa asibiti ana yi masa allura a wurin. Wannan larura sananniya ce a wurin likitocin fata, ta fi kama maza baƙar fata, kuma aski mai zurfi da gogar wuyan riga ko bakin hula suna ƙara hura mata wuta. Ba don in tsorata ka na kawo labarinsa ba. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Saboda haka a kwanaki goma sha huɗun nan, safe da dare ka jiƙa tawul mai tsafta da ruwan ɗumi ka ɗora a ƙeyar na kamar minti biyar. Ka wanke kai da sabulu marar zafi, ka tsane shi ba tare da gurzawa ba. Kada ka matse ƙurji, kada ka sa farce, kada ka tone da allura. Man birki, ruwan batir, kananzir, man bilicin da ake sayarwa a bakin titi, duk ka nisance su. Hular da kake sawa ka wanke ta, ko ka koma wata mai sakwa-sakwa wadda bakinta ba ya cizon ƙeya. In mako guda ya wuce ba su fara lafawa ba, ko suka soma tara mugunya, ko ka ji suna tauri a ƙarƙashin yatsa, to ka daina jiran kwana goma sha huɗu, ka tafi asibiti ka nemi ganin likitan fata. Asibitin koyarwa na Jami'ar Jos yana nan Lamingo, ba wata uwa duniya ba ce daga wurinka.

Bari in ba ka labarin wanda na fara ganin aski na gaskiya a hannunsa. Muna yara akwai wani tsohon wanzami da yake zuwa ƙofar gidanmu da safiyar Juma'a, da zabirarsa a rataye. Zai zaunar da mahaifinmu a kan tabarma, ya ɗebo ruwa a ɗan ƙoƙo, ya riƙa zubawa a tafin hannu yana murza kan. Murzawa yake yi, yana hira, yana ƙara ruwa, har mu yara mu gaji da jira mu ce yaushe za a fara. Sai ya ga gashin ya sha ruwa ya yi laushi sannan zai zaro aska, ya wasa ta a jikin fata, ya gwada bakinta. Askin kansa kuwa, kafin ka ankara ya gama. Ja kaɗan-kaɗan yake yi, ba ka jin ƙarar kankara, ya share askar, ya sake ja. Lokacin da ya ɓata wajen jiƙo ya ninka na aski. Kai kuwa, daga yadda ka ba da labari, na tabbata a bushe ka shiga, ko ka ɗan watsa ruwan sanyi ka hau ja. A Jos, a cikin hunturu, da ruwan rijiya mai kama da na ƙanƙara, fata a takure, gashi a sandare. Ai dole reza ta yi maka ɓarna.

To in fatar ta warke, ga yadda za ka yi. Ka fara da sanin kanka. Lokacin nan gashi ya tsiro, domin yakan yi kusan santimita ɗaya a wata, sai ka shafa tafin hannu a ko'ina. Inda hannu ya wuce sumul, nan ne gashin yake kwance. Inda ka ji yana tokare hannun, ka bi kishiya ke nan. Ga yawancin mutane na sama yana kwanciya ne zuwa goshi, na gefe da na baya suna gangarawa ƙasa, a tsakar kai kuma akwai inda yake kewayawa kamar guguwa. A ƙeya yakan yi gardama, wani ɓangare ya nufi gefe, wani ma ya nufi sama. Ka haddace wannan, domin reza bin kwanciyar gashi za ta yi, ba yadda hannunka ya fi jin daɗi ba.

Askin farko bayan hutun nan da kilifa za ka yi shi, ba tare da an sa mata takalmi ba, wato robar nan da ake maƙala mata a baki don rage zurfin aski, ka kwantar da gashin ƙasa iyakar yadda za ta iya. Ka tsaya a nan. Ka ba shi kwana uku ko huɗu ka ga abin da fatar za ta ce. In ta yi shiru, sai a zo maganar reza. Kuma ko nan gaba, duk lokacin da gashi ya wuce tsiron 'yan kwanaki, kilifa ce za ta fara shiga gaba. Reza ba ta son doguwar suma, cushewa take yi ta koma fizga.

Rezar da za ka saya mai mariƙi ce. Tsirarar reza da ake riƙewa da yatsu biyu ba ta ɗan koyo ba ce, balle a bayan kai inda ido ba ya gani, kuma ina kyautata zaton ita ce ta yanke ka wuri huɗu. Ka nemi mai baki ɗaya, in babu, mai baki biyu. Masu baki huɗu da biyar ɗin nan da suka fi tsada, bakin farko yana ɗago gashin, na bayansa su yanke shi can ƙasa, ga mai gashi irin namu kuwa abin da muke gudu ke nan.

Ka ɗora ruwa a wuta ya yi ɗumi. Mafi kyau ka yi askin a ƙarshen wanka, bayan kan ya sha ruwan ɗumi na minti uku zuwa biyar. Ka shafa man aski mai kumfa, in ba ka da shi sabulun wanka mai laushi ya wadatar, amma ban da sabulun wanki ko omo. Ka bar kumfar ta ɗan zauna. Sannan ka fara daga dama, kamar yadda ya tabbata Manzon Allah (SAW) ya miƙa wa mai aski gefen damansa da farko a aikin Hajji. Ka yi gefe da gefe, ka yi sama inda gashin ya riga ya yi laushi saboda sanƙo, ka bar baya da ƙeya zuwa ƙarshe don su fi daɗewa a jiƙe. Ja gajere za ka riƙa yi, kamar faɗin yatsu biyu ko uku, ka ɗauraye rezar, ka sake. Kada ka danna. Nauyin rezar kaɗai ya isa, in ka ji sai ka danna take ci, to ta dakushe, jefar da ita. A kai, reza ɗaya ba ta cika wuce aski uku zuwa biyar ba. Wajen kunne ka lanƙwasa kunnen ƙasa da ɗaya hannun. In kana da wani tudu ko tawadar Allah mai tsini a kai, ka ɗora yatsa a kai ka kewaye shi. Fatar kuma kada ka ja ta da ƙarfi. Wanzami yana ja da babban yatsa don ya san iyakar da zai tsaya, kai ba ka kai nan ba tukuna.

Bayan kai kuwa, madubi biyu suna taimakawa, amma yatsunka sun fi madubi gani. Ka ja, ka shafa, ka ji inda ya rage. In akwai ƙaninka ko wani amini a kusa, ka ba shi ya yi maka bayan a karo biyun farko, kana gaya masa yadda gashin yake kwance.

Ga inda ake faɗuwa. Ka gama, ka ɗauraye, ka shafa hannu daga ƙeya zuwa sama, sai ka ji ɗan kaushi. Zuciya ta ce ɗan ƙara bi sau ɗaya. Kada ka bi. Wannan ɗan kaushin da hannu yake ji ido ba ya ganinsa, kuma shi ne tazarar da take hana gashin komawa cikin fata. Bi ɗaya tak, bisa kwanciyar gashi, shi ne rabonka a aski uku ko huɗu na farko. In duk sun wuce babu ƙurji, sai ka ƙara bi na biyu a gicciye, bayan ka sake shafa kumfa, a sama da gefe kawai. Ƙeya kuwa ko da yaushe bi ɗaya ne. In ma ta nuna sam ba ta son reza, to ka haƙura da reza, ka riƙa yin kan gaba ɗaya da kilifa ƙasa-ƙasa ya tafi bai ɗaya. Ya fi kyan gani a kan a kwashe sama a bar baya, ga shi kuma hadisi ya hana aske wani sashe na kai a bar wani.

In ka gama, ka ɗauraye da ruwa mai ɗan sanyi, ka tsane da tawul. Inda ya ɗan yi jini ka jiƙa alif, irin wanda ake tace ruwa da shi, ka ɗora. Zai yi zafi kaɗan, jinin ya tsaya. Sifirit da turare kada su hau sabon aski, ƙona fata suke yi su busar da ita. Man kaɗanya mai kyau za ka samu, ɗan kaɗan kamar ƙwayar gyaɗa, ka narkar da shi a tafin hannu ka shafe kan. Sheƙin da kake sha'awa daga nan yake zuwa, daga fata mai lafiya da ta sha mai daidai. In ka lafta da yawa kuwa ƙurar hunturu ce za ta manne, ramukan gashi su toshe. Garinku kan tudu yake, sama da mita 1,200, iskar hunturunsa tana tsaga leɓe balle fatar kan da ta saba zama a rufe da gashi. Ka riƙa shafa man safe da dare, in alwala ta wanke shi ka ji kan yana ja, ka ɗan ƙara. Da sanyin asuba ka sa hular sanyi mai laushi, da rana a bakin shago kuma kada ka bar kan a buɗe, rana tana ƙona sabon aski ko da gari ya yi hazo.

Wani zai ce maka ka sayi hodar aski, wadda ake kwaɓawa a shafa gashi ya zube. Wasu tana karɓarsu, wasu tana saɓule musu fata. Mako shida kafin aure ba lokacin gwajinta ba ne, kuma ko daga baya, ba a sa ta a kan fata mai rauni ko wadda reza ta bi.

Akwai kuma maganar da ba zan tsallake ba tunda iyali za ka ajiye. Reza taka ce kai kaɗai, ko ɗan'uwanka ciki ɗaya kada ku haɗa. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya yin kwana bakwai da ranta a busasshen jini a jikin ƙarfe, kuma ɗan goga sifirit ko wulga wutar laita da ake yi a gurguje ba abin dogaro ba ne. Ka sayi kilifarka mai caji, tunda ka san halin wuta, ko shagon aski za ka je ka tafi da abinka. In wanzami za ka kira, ka sa ya ɓare sabuwar reza a gabanka. Lokacin da za ku je gwajin kafin aure, ka tabbata an haɗa da na hanta, in ba ka ɗauke da ita ka yi allurar rigakafinta.

Yanzu ka yi tunanin ranar ɗaurin auren kanta. Babbar riga za ka sa, ka kafa hula, daga masallaci har wurin walima da ɗaukar hoto. Tsakar kan da kake so ta yi sheƙi tana ƙarƙashin hula. Abin da jama'a za su gani, musamman na sahun bayanka, ƙeya ce da bayan kunne, wato daidai inda ƙuraje suke fitowa. Ka gaya wa telanka ma kada ya yi wa 'yar cikin wuya mai tsayi da tauri. Amarya kuma kada ka bari sai ranar ta fara ganin sabon kan. In ka je zance cikin makon nan ka gaya mata ka koma tal-kwabo, in ya warke ka cire hula ta gani.

Lissafin dai a bayyane yake. Mako biyu hutu, mako na uku kilifa, sauran makonni uku reza duk bayan kwana uku ko huɗu. Kafin ranar ka yi aski biyar ko shida, hannunka ya faɗa, ka kuma san kwana nawa fatarka take ɗauka kafin ta huce. Askin ƙarshe ka yi shi da daren jajibiri, a natse, da irin rezar da ka saba da ita da man da ka saba da shi. Kada ka yarda wani aboki ya ja ka sabon shago da safiyar ranar don a yi maka na musamman.

In kwana goma sha huɗun sun cika, ka sa wani ya duba maka ƙeyar a cikin hasken rana, ka rubuto min abin da ya gani kafin ka kunna kilifa.